Sauya Katin Wi-Fi a Tsohuwar Laftof: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da ma'aikata da masu shagunan buga takardu a wajenmu 'yan gwanjo ne. Sun gama bauta a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Injuna ne masu ƙwari. Ka ƙara musu RAM, ka sa musu SSD, sai su miƙe kamar ba su ba. Abin da ake mantawa da shi shi ne ɗan katin da ke kamo Wi-Fi, wanda yake nan yadda ya fito daga masana'anta shekara goma ko fiye da suka wuce. Ga tambayoyin da aka fi kawo mini a kansa.

Wai mene ne katin Wi-Fi ɗin, kuma a ina yake zaune?

Ɗan ƙaramin allo ne da bai kai faɗin ɗan kwalin ashana ba, an soke shi a wani gurbi a jikin bod, wato babban allon da ke cikin injin, sukuru ɗaya ko biyu na riƙe da shi. Siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, suna maƙale a kansa. Wayoyin nan sun bi ta cikin hinji sun hau cikin murfi, inda eriya take kwance a gefen sikirin. A yawancin injunan da aka ƙera bayan 2012, katin nan guda shi ne ke ɗauke da Bluetooth ma.

Intanet ɗina na jan ƙafa. Idan na sauya kati zai yi sauri?

Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin. Ajiye wayarka kusa da laftof ɗin, haɗa su duka biyun da rauta ɗaya, ka auna gudun kowacce a shafin auna gudu irin su Speedtest ko fast.com. Idan wayar ta kawo 8 Mbps laftof ta kawo 7, katinka ba shi da laifi. Abin da kamfanin layinka ya ba ka ke nan, kuma ko katin zinariya ka sa ba zai ƙara maka komai ba. Ruwan da famfo ya kawo shi ake tara, girman bokiti ba ya ƙara shi.

Nan ne mutane da yawa suke asara. Katin 802.11n (wani tsohon tsarin Wi-Fi) mafi arha, mai eriya ɗaya, yana haɗuwa da rauta a kan 72 Mbps ko 150 Mbps, kuma a aikace yana iya wuce da kusan rabin hakan. Wanda ke amfani da ƙaramar MiFi a unguwar da sabis ke hawa yana sauka, da wuya ya taɓa ƙure wannan katin. Matsalarsa tana kan turken sabis, ko a cunkoson dare lokacin da kowa ya dawo gida ya hau kan layi.

A kula kuma da lissafi. Mbps ɗin da ake rubutawa a kwali ba shi ne MB ɗin da kake gani lokacin da kake sauke fayil ba. Raba shi gida takwas. Layin 40 Mbps zai sauke maka kimanin 5 MB a daƙiƙa, kuma hakan daidai ne, ba a cuce ka ba.

Amma idan wayar ta kawo 90 laftof ta tsaya a 20, suna wuri ɗaya, to yanzu ne maganar kati ta taso.

To a wane hali ne sauyawar take biyan kuɗinta?

Idan layinka ya fi ƙarfin katinka, kamar wanda ya ja fayiba, ko ya sayi rautar 5G, ko yake kan Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023. Haka nan idan kana zaune a inda Wi-Fi ya yi yawa, irin ɗakunan kwanan ɗalibai ko plaza mai shaguna hamsin kowa da MiFi ɗinsa. Zangon 2.4 GHz hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke kutsawa. Katin da zai iya tsallakawa zuwa 5 GHz ya fita daga wannan kasuwar ya koma titi mai sarari.

Sai kuma katin da ya fara mutuwa: yana ɓacewa daga kwamfutar sai an sake kunnawa, ko yana yankewa duk lokacin da injin ya ɗau zafi. Akwai kuma mai son Bluetooth don lasifika ko abin saurare na kunne, alhali injinsa bai zo da shi ba.

Laftof ɗina ba ta ganin hotspot ɗin wayata, amma ta abokina tana gani. Katin ya mutu ne?

Da wuya. Mafi yawan lokaci wayar tana watsa hotspot ɗin a 5 GHz ne, katinka kuma 2.4 GHz kaɗai ya sani. A Android shiga saitin hotspot ka mayar da zangon zuwa 2.4 GHz. A iPhone 12 zuwa sama akwai maɓallin "Maximize Compatibility", kunna shi. Idan sunan ya bayyana amma ya ƙi karɓar kalmar sirri, duba tsarin tsaro. WPA3 ya fito ne a 2018, tsofaffin katuna da yawa ba su san shi ba, sai ka mayar da shi WPA2.

Akwai wata kuma da ta rikita mutane lokacin da rautocin Wi-Fi 6 suka fara yawa. Wasu katunan Intel masu lafiya, irin su 7260 da 3160 da 8260, idan suna kan tsohon direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ba sa ganin sunan irin wannan rautar kwata-kwata. Sabunta direba ya wadatar. Na ga wanda ya sayi sabon kati saboda wannan, alhali gyaran na minti biyar ne.

Rautata 5G ce. Ke nan sai na nemi katin 5G?

Abubuwa biyu ne da suna ya haɗa su. 5G ɗin da kamfanonin waya ke tallatawa, wanda ya shigo Najeriya a 2022, tsakanin rautarka ne da turken sabis. 5 GHz kuwa zangon Wi-Fi ne tsakanin rautar da laftof ɗinka, kuma yana nan tun 1999 da tsarin 802.11a. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne rautoci da yawa suna liƙa "5G" a ƙarshen sunan Wi-Fi ɗinsu na 5 GHz. Kai dai abin da kake nema shi ne kati mai zango biyu, wato 2.4 GHz da 5 GHz.

Ta yaya zan san katin da ke ciki ba tare da na kwance injin ba?

A Windows buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Network adapters. Sunan katin yana nan. Don ƙarin bayani buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show drivers, ka nemi layin da ke lissafa nau'o'in rediyon da katin ya iya. Idan b da g da n kaɗai ka gani, katin 2.4 GHz ne. Idan akwai a, yana iya 5 GHz. Idan akwai ac, Wi-Fi 5 ne, ax kuma Wi-Fi 6. Masu Linux su rubuta lspci.

Sunayen da za ka fi cin karo da su a injunan gwanjo masu arha su ne Atheros AR9285 da Realtek RTL8188CE da Ralink RT5390 da Broadcom BCM4313. Waɗannan da eriya ɗaya suke aiki a lokaci guda, kuma a 2.4 GHz suke aiki. Su ne suka fi cancantar a yi musu ritaya. Amma idan ka ga Intel Centrino Advanced-N 6205, wanda ya zo a cikin ThinkPad T420 da Latitude E6420 da yawa, kada ka yi gaggawa. Zango biyu gare shi, eriya biyu, yana kaiwa 300 Mbps. Ga mafi yawan layukan da muke da su, ya isa har da saura.

Na ji ana cewa gurbin iri-iri ne. Wanne ne nawa?

Wannan kam sai an buɗe an gani, ko a nemo littafin gyara na samfurin a shafin kamfanin. Dell da HP da Lenovo duk suna ajiye irin wannan littafin kyauta, da hotunan yadda ake kwancewa.

Injunan farkon shekarun 2000 suna da Mini PCI, babban kati mai faɗi. Wannan ka bar shi kawai, babu wani sabon abu da ake ƙera masa. Daga wajen 2006 aka koma Mini PCIe, mai haƙora 52 da faɗin milimita 30. Ya kasu biyu: dogo mai tsawon kusan milimita 51, da rabi mai kusan 27. Ɗan rabin yana shiga gurbin dogo idan aka sa masa ƙarfen ƙari, amma dogon ba ya shiga gurbin rabi. Daga wajen 2013 zuwa 2015 kamfanoni suka koma M.2, wanda da ake kira NGFF. Na Wi-Fi shi ne 2230, wato faɗi milimita 22, tsawo 30, da tsaga ta A ko E a bakin haƙoransa.

Wani tarko: gurbin mSATA, wanda na SSD ne, da na katin layin waya kamanninsu ɗaya da Mini PCIe, kati zai shiga ya zauna daram amma galibi ba zai yi aiki ba, domin wayoyin da ke ƙarƙashin gurbin daban ne. Inda ka cire tsohon, nan za ka mayar da sabon.

Kowace laftof ce ake iya sauya mata?

A'a. Sirara da yawa na baya-bayan nan an liƙe musu katin da dalma a jikin bod. MacBook kuma mahaɗinta na Apple ne, katin kasuwa ba ya shiga. Waɗannan sai dai ɗan Wi-Fi na USB.

Na sa sabon kati, injin ya ƙi tashi, ya rubuto saƙo a baƙin sikirin. Na ƙona wani abu ne?

Kwantar da hankalinka, ba ka ƙona komai ba. Ka ci karo ne da jerin katunan da kamfanin ya amince da su, wanda ya dasa a cikin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da injin. Da an kunna injin, BIOS zai tambayi katin lambarsa. Idan ba ta cikin jerin, sai ya tsayar da komai. A ThinkPad saƙon yana farawa da "1802: Unauthorized network card is plugged in". A HP kuma "104 - Unsupported wireless network device detected". Kashe injin, cire katin, mayar da tsohon, zai tashi lafiya lau.

Hujjar da kamfanonin suka bayar ita ce hukumomin sadarwa, irin su FCC ta Amurka, suna ba da lasisi ne ga kati da eriya a haɗe, don haka ba za su bari a sa wanda ba a gwada ba. Ni dai hujjar ba ta cika gamsar da ni ba, tunda Dell a ƙasa ɗaya take sayar da kayanta a ƙarƙashin doka ɗaya, kuma Latitude ɗinta galibi suna karɓar duk katin da ya dace da gurbin. Lenovo da HP ne suka yi ƙaurin suna a wannan, musamman a injunan da suka fito kafin tsakiyar shekarun 2010. T420 da T430 da X220 da X230 da T440 duk suna da wannan jerin, kuma su ne suka cika kasuwanninmu.

Abin da ya fi ba da haushi shi ne ba sunan katin kaɗai ake dubawa ba. Kati biyu za su iya zama Intel 6205 dukansu, ɗaya na Lenovo ɗaya na Dell, ThinkPad ta karɓi na farko ta tofar da na biyu. Don haka mai ThinkPad ya nemi kati mai lambar FRU, wato lambar kayan gyara ta Lenovo, a jikin takardarsa, wadda take cikin littafin gyara na samfurinsa. Mai HP ya nemi lambar kayan gyara ta HP. Ka binciki wannan tun kafin ka biya kuɗi, domin mai shago ba lallai ya karɓi kati bayan an ɓare ledarsa ba.

Ba a iya tsallake wannan jerin?

Ana iyawa, ta hanyar sauya BIOS ɗin da wanda aka yi wa kwaskwarima. Ga ThinkPad na zamanin T430 da X230 akwai manhajar da masu sha'awar waɗannan injuna suka haɗa mai suna 1vyrain, wadda ke cire jerin ba tare da an taɓa bod ba. Wasu samfuran kuma sai an maƙala na'ura a kan ƙwayar BIOS ɗin an rubuta kai tsaye.

Ba na ba wa mai injin guda ɗaya shawarar ya gwada. Idan rubutun ya katse a tsakiya, injin ya zama dutse, sai mai na'urar rubuta BIOS ne zai farfaɗo da shi. Ka haɗa wannan da halin wutarmu da batirin gwanjo da ba ya riƙe minti goma. Idan NEPA ta ɗauke a daidai wannan lokacin, garin neman ƙiba an samo rama. Wanda ya nace, ya tabbata batirinsa na da rai kuma a cike yake, fayil ɗin kuma na samfurinsa ne daidai, ba na mai kama da shi ba.

To wane kati zan saya?

Ga mai Mini PCIe, wanda na fi yarda da shi shi ne Intel 7260HMW, na 2013. Wi-Fi 5 ne, eriya biyu, yana kaiwa 867 Mbps a 5 GHz, da Bluetooth 4.0. Amma ka karanta takardar jikinsa da idonka, domin lambar 7260 tana kan katuna da yawa, wasunsu Wireless-N ne kawai. Wanda kake so shi ne mai rubutun Dual Band Wireless-AC. Ni kaina an taɓa miƙo mini na N a wani shago, ban lura ba sai da na je gida na ɗaura na ga babu ac. Mai shagon ma, da alama, bai san da bambancin ba.

Za ka ga kuma katunan Mini PCIe da aka rubuta wa AX200 ko AX210. Intel ba ta ƙera waɗannan a wannan siffar ba. Wasu ƙananan masana'antu ne suke ɗaukar ƙwayar Intel su dasa ta a kan allon Mini PCIe. Da yawansu suna aiki, sai dai ingancin ya danganta da wanda ya haɗa.

Ga mai M.2, Intel AX200 na 2019 shi ne Wi-Fi 6, AX210 kuma Wi-Fi 6E, wanda ya ƙara zangon 6 GHz. Idan rautarka ba ta da 6 GHz, kuma yawancin namu ba su da shi, wannan ƙarin ba zai amfane ka da komai ba yanzu. Tsofaffin 8265 da 9260 ma katuna ne masu kyau, kuma sukan fi sauƙin kuɗi.

Babban ramin da ake faɗawa a nan shi ne lambobin da suka yi kama. AX201 da AX211 da 9560 da 9462 suna shiga gurbin M.2, amma rabin kati ne. Ragowar rabin yana cikin ƙwayar Intel da ke jikin bod ɗin injunan zamani, tsarin da ake kira CNVi. Ka sa AX201 a tsohuwar laftof ko a mai AMD, kwamfutar ba za ta ma san an sa mata wani abu ba, wata ma ta ƙi tashi. Bambancin AX200 da AX201 lamba ɗaya ce a ƙarshe, kuma AX201 ɗin yakan fi arha, shi ya sa yake jan mutane.

Injina waya ɗaya ce ta eriya a ciki, sabon katin kuma wuri biyu gare shi. Yaya ke nan?

Zai yi aiki da guda ɗaya, amma a rabin ƙarfinsa, kuma Bluetooth na iya yin rauni domin yakan dogara da eriya ta biyun. Gwada wayar a kowane gurbi ka ga inda sabis ya fi ƙarfi. Ana sayar da eriyar ƙari mai manne. Wurin da ya dace da ita cikin murfi ne, sai dai kai ta can yana nufin kwance firam ɗin sikirin da bi ta hinji. Wasu sukan liƙa ta a ƙarƙashin robar da ake ɗora hannu, nesa da ƙarfe. Ba ta kai ta murfi ba, amma ta fi babu.

Ka lura kuma da girman kan wayar. Na Mini PCIe shi ne U.FL, na M.2 kuma MHF4, wanda ya fi ƙanƙanta. Ba sa hawa kan juna. Wannan ne ke kama masu sayen adaftar da ke mayar da gurbin Mini PCIe ya karɓi katin M.2: katin ya zauna, wayoyin eriya sun ƙi shiga, sai an nemo 'yar wayar da ke haɗa girman biyu.

Zan iya yi da kaina, ko sai na kai wa mai gyara?

A injuna irin Latitude E6420 ko EliteBook 8470p, da murfin ƙasa ke buɗewa cikin sauƙi, aikin minti goma sha biyar ne. A waɗanda sai an ɗaga kibod da duk saman injin, idan ba ka saba ba ka kai wa wanda ya saba.

Fara da sauke direban sabon katin ka ajiye a kwamfutar tun tsohon yana aiki. Wanda ya manta wannan zai tsinci kansa da kati babu direba, kuma babu intanet ɗin da zai sauko da shi, sai ya jona waya da kebul. Kashe injin gaba ɗaya, zare caja, cire batir. Idan batirin na ciki ne, zare soket ɗinsa da zarar ka buɗe. Ɗauki hoton katin da wayoyinsa kafin ka taɓa komai.

Idan lokacin hunturu ne ka ƙara kula. Busasshiyar iskar nan da ke sa bargo tartsatsi da dare ita ce ke tara wuta a jikinka, kuma tartsatsin da ba ka ma ji ba ya isa ya kashe ƙwayar lantarki. Taɓa ƙarfen ƙofa ko famfo kafin ka fara, kada ka yi aikin a kan katifa ko darduma, ka kuma riƙe katin ta gefe.

Wayoyin eriya ana ɗaga su ne sama tsaye, ta kan ƙarfen, da farce ko ɗan tsinken roba. Kada ka ja ta jikin wayar. Kwance sukuru, katin zai ɗago da kansa a karkace, ka zare shi. Soka sabon a karkace haka nan, danna shi ƙasa, ɗaure sukuru. Sai mayar da wayoyin, kuma a nan ne ake ɓarna. Daidaita kan wayar a saman gurbinsa sosai, sannan ka danna a hankali har ka ji ɗan ƙas. Idan ya ƙi, bai daidaita ba ne, ɗaga ka sake. Na taɓa danne na MHF4 da ƙarfi a karkace, ɗan zoben da ke jikin katin ya ɓalle ya biyo wayar. Sabon kati, ko kunna shi ban yi ba.

Kada ka rufe murfin sai ka kunna ka ga Wi-Fi da Bluetooth duk sun bayyana.

Windows 7 nake amfani da ita. Akwai matsala?

Akwai. AX200 da AX210 ba su da direban Windows 7 ko 8, daga Windows 10 mai 64-bit suka fara, zangon 6 GHz kuma sai Windows 11. Mai Windows 7 ya tsaya a 7260. A Linux, AX200 na bukatar kernel, wato zuciyar tsarin, 5.1 zuwa sama, AX210 kuma 5.10. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma yawancin waɗannan injuna ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, duk mai tunanin komawa Linux ya zaɓi katin Intel. Direbansa yana cikin tsarin tun asali, ba kamar wasu na Broadcom da Realtek da ke sa mutum yawon nema ba.

Wi-Fi ya yi aiki amma babu Bluetooth. Ko kuma katin ya bayyana amma ya ce a kashe yake.

Kati ɗaya ne amma hanya biyu yake bi: Wi-Fi ta PCIe, Bluetooth ta USB. Wasu tsofaffin injuna ba a ja layin USB zuwa gurbin ba, domin Bluetooth ɗinsu a wani ɗan allo daban yake. A irin wannan babu dabara, sai ɗan Bluetooth na USB. Kafin ka yanke hukunci dai, duba ko an kashe shi a BIOS, kuma ka tuna direbansa daban ne da na Wi-Fi.

Game da katin da ya ce a kashe yake, fara duba maɓallin gefe ko na Fn. Idan duk a kunne suke, to injin ne ke aika wa katin umarnin kashewa ta haƙori na 20 a Mini PCIe, na Bluetooth kuma a wasu katunan ta haƙori na 51. Masu gyara sukan rufe haƙorin da ɗan siririn salatif don umarnin ya daina isa. Yana aiki, sai dai maɓallin kashe Wi-Fi na jikin injin ya tashi daga aiki ke nan, kuma sai an nemo zanen haƙoran an ƙirga daidai.

Me zai hana in sayi ɗan Wi-Fi na USB in huta?

Babu abin da zai hana, kuma ga mai ThinkPad ko HP mai jerin nan, ko mai katin da aka liƙe da dalma, shi ne shawarata ta farko. BIOS ba ruwansa da abin da aka soka a USB. Illarsa ita ce eriya. Ɗan mitsitsin nan da ba ya fitowa waje eriyarsa ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ba za ta yi gogayya da wadda ke shimfiɗe a cikin murfi ba. Yawancin masu arhar ma 150 Mbps ne a 2.4 GHz, wato irin katin da kake gudu. Nemi mai zango biyu, in son samu ne mai eriya a waje. Ka san kuma ya cinye maka gurbin USB ɗaya, kuma mai tsawon yakan karye a jaka ya tafi da gurbin. Idan tebur ɗaya kake aiki kullum kusa da rauta, kebul ɗin Ethernet ya fi su duka.

Sabo zan saya ko na cire-cire?

Katin Wi-Fi ba ya da abin da ke juyawa balle ya gaji, don haka wanda aka ciro daga matacciyar laftof ba shi da aibi, kuma ga mai neman lambar FRU ko ta HP sau da yawa shi kaɗai ne hanya. 7260 ma an daɗe da daina ƙera shi, saboda haka wanda aka ce maka sabo ne dal a leda, ka ɗan yi shakka. Tafi da laftof ɗinka shagon. A ɗaura a gabanka, ka ga sunan da ya fito a Device Manager ya yi daidai da na takardar, ka haɗa da hotspot na 5 GHz, ka gwada Bluetooth, sannan ka biya.

Tsohon katin fa, in yar?

Nannaɗe shi a takarda ka rubuta sunan injin a kai. Idan sabunta BIOS ya dawo da jerin da aka cire, ko sabon katin ya fara yankewa bayan mako biyu, shi za ka mayar ka samu intanet ɗin da za ka nemi mafita da shi. Idan kuma mai lambar FRU ne, masu gyara suna saye.